Darasi: Me Ya Hana Allolin Labari Fitowa Fili?

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau na masu rubuta almara ne, irin labarin da marubuci ke gina duniyarsa da kansa, har da allolinta. Tun wuri in faɗa, zancen ƙagaggen labari muke yi, ba na aƙida ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ka ƙirƙiri abin bauta da zai kife dutse da ɗan yatsa, kuma yana ƙaunar jarumarka. Sai mai karatu ya ce maka, me ya hana shi saukowa ya gama da mugun tun a babi na biyu? In ba ka da amsa, duk wahalar da jarumar ta sha ta tashi a banza. Shi ya sa ake gindaya wa allolin nan doka.

Tsoffin Girkawa sun daɗe da gane haka. Ku ji labarin Semele, wata yarinya 'yar Adam. Zeus, babban abin bautar Girkawa, yana zuwa wurinta a siffar mutum. Matarsa Hera, da kishi ya ci ta, sai ta ɓad da kama ta zama tsohuwa, ta je ta zuga yarinyar: in da gaske shi ne, ki ce ya zo miki da ainihin kamanninsa. Semele ta sa ya rantse kafin ta faɗi buƙatarta, ya kuwa rantse da kogin Stiks, rantsuwar da ba a warware ta. Ya bayyana da tsawa da walƙiya, nan take ta ƙone. Ku lura, dokoki biyu ne suka yi karo a nan. Jikin ɗan Adam ba ya ɗaukar wannan gani, shi kuma Zeus ba shi da ikon haɗiye maganarsa. Ni ta biyun ce ta fi taɓa ni, don ita ta mayar da mai ƙarfi abin tausayi, yana ji yana gani ya halaka wadda yake so.

Akwai hanyoyi masu sauƙi na hana abin bauta fitowa fili. Odin, abin bautar mutanen arewacin Turai na dā, yana yawo ne a matsayin tsoho mai ido ɗaya da faffaɗar hula, sai ya wuce ake gane wa aka gani. Wani a mafarki kawai yake zuwa.

Amma wadda nake so ku gwada ita ce magana ta bakin wani, a dunƙule. An ce Krosus, sarkin Lidiya, ya aika Delfi, inda abin bauta Apollo ke magana ta bakin wata mata, yana tambaya ko ya yaƙi Farisa. Aka amsa masa cewa in ya yi, zai rusa babbar daula. Ya tafi da murna, ashe tasa ce. Kun gani? An yi magana, ba a yi ƙarya ba, amma zaɓin da kuskuren duka na mutum ne.

Abin da nake roƙonku ku guje wa shi ne karya dokar don kun rasa yadda za ku ƙare labari. A dandalin wasan Girkawa har na'ura gare su mai ɗaga ɗan wasa sama ya fito a matsayin abin bauta, ya sasanta komai. Aristotul, masanin falsafa na Girka, shi ma ya soki wannan, ya ce warwarar ƙulli daga cikin labarin ya kamata ta fito. Don haka ka nuna dokarka tun a shafukan farko, kuma mu ga wani ya ɗanɗana kuɗarsa a kanta. In daga baya abin bautar zai keta ta, mu riga mu san me zai rasa.

Ga aikin gida. Ku rubuta shafi ɗaya: uwa tana kuka a kan ɗanta mara lafiya, abin bautarta yana tsaye a bakin ƙofa a siffar baƙo mai neman ruwan sha, kuma da ya faɗi sunansa yaron zai mutu. Mu ga yadda zai taimaka. Sai mun haɗu mako mai zuwa.