Gustav Leonhardt, Makaɗin Majami'a na Amsterdam

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Holan, wajen makaɗi Gustav Leonhardt, wanda aka haifa a garin 's-Graveland a shekarar 1928.

Kayan kiɗa biyu ya ƙware a kansu. Ɗaya shi ne ogan, ƙaton abin kiɗan majami'a da iska ke ratsa ɗaruruwan bututunsa, makaɗi yana danna allo da yatsu, yana taka wani da ƙafa. Ɗayan kuwa hafsikod ne, magabacin fiyano, mai siririyar murya. Ya yi karatunsu a Basel ta Suwizalan daga 1947 zuwa 1950, sannan ya koyar a Vienna kafin ya dawo Amsterdam.

A wancan zamani, idan za a yi kiɗan Bach, Bajamushen nan da ya rasu a 1750, sai a tara makaɗa masu ɗimbin yawa da kayan zamani, kiɗan ya fito da nauyi, ana jan sa a hankali. Leonhardt ya ƙi wannan. A ganinsa, a nemo irin kayan da Bach ya sani, goge mai tsirkiyar hanji, a rage yawan makaɗa, a koma ga tsofaffin rubuce-rubuce a ga yadda mutanen lokacin suke kaɗawa. Daga 1971 shi da abokinsa Nikolaus Harnoncourt na Ostiriya suka shiga naɗar waƙoƙin ibada na Bach, kusan 200, aikin da ya ci musu kusan shekara 20. Har muryoyin sama yara maza suka ba wa, kamar yadda ake yi a majami'un Leipzig, birnin Jamus inda Bach ya yi aiki, a zamaninsa. Masu suka sun ce muryar yaran takan yi rawa. Gaskiya ne takan yi, amma a ganina wannan rawar tana da wani tsarki da gogaggen mawaƙi ba ya iya kawowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, duk sunan da ya yi a duniya bai raba shi da kujerar majami'a ba. Daga 1959 ya riƙa kaɗa ogan da Christian Müller ya ƙera a ƙarni na 18 a majami'ar Waalse Kerk ta Amsterdam, daga baya ya koma majami'ar Nieuwe Kerk a farkon shekarun 1980. Mutum ne mai kamewa, ba ya girgiza jiki don burge 'yan kallo, yatsunsa kaɗai ke aiki.

Ya karɓi lambar yabo ta Erasmus a 1980 tare da Harnoncourt. Ya yi kiɗansa na ƙarshe a Paris a Disamban 2011, ya rasu a Amsterdam ranar 16 ga Janairun 2012. Cikin ɗalibansa akwai Ton Koopman, wanda shi ma daga baya ya naɗi waɗannan waƙoƙi na Bach gaba ɗaya da tasa ƙungiyar.