Amsoshin Tambayoyinku: Wace Manhajar Haƙar Kirifto Ce Ta Dace da Katinka?

Assalamu alaikum masu sauraro na cikin garin Kaduna da kewaye, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan magana guda, wato haƙar kuɗin kirifto (sa inji ya yi ta warware lissafi a biya mai shi lada) da katin girafik na kwamfuta, wanda 'yan harka ke kira GPU. Mun tsamo guda shida.

Ta farko daga wani ɗan'uwa ce a Kawo. Ya ce yana da katin RTX 3070 guda shida a jere, yana haƙa da manhajar T-Rex, sai abokinsa ya ce masa GMiner ta fi gudu. Yana tambaya wacce ce ta fi a cikin duk manhajojin nan.

To ɗan'uwa, kafin a zo maganar gudu, abu uku ne ke zaɓa maka manhaja. Na farko kamfanin katinka. T-Rex da Rigel na katin Nvidia ne kawai, TeamRedMiner kuma na AMD. Su lolMiner da GMiner da BzMiner da SRBMiner-Multi suna ɗaukar duka biyun, don haka wanda ya gauraya katuna a inji ɗaya ya fi samun sauƙi da su. Na biyu kuɗin da kake haƙa, domin kowanne da tsarin lissafinsa: Ethereum Classic na amfani da Etchash, Ravencoin na amfani da KawPow, Ergo kuma Autolykos2. Manhajar da ta yi zarra a wannan tana iya zama ta baya a wancan, ko ma ba ta san shi ba kwata-kwata. Na uku, ka duba ko masu manhajar suna nan suna kula da ita. T-Rex ta yi tashe sosai a zamanin Ethereum, amma tun ƙarshen 2022 ba a sake sabunta ta ba, haka ma NBMiner. Har yanzu za ta yi maka aiki a tsofaffin tsare-tsare da kati irin naka, sai dai ranar da ka so komawa wani sabon kuɗi, ko ka sayi sabon kati, za ta bar ka a hanya. Da manhajar Claymore haka aka yi. Ta riƙe kasuwa shekaru, mai ita ya daina taɓa ta, da fayil ɗin DAG na Ethereum, wato babban fayil ɗin da kati ke ɗauka a memorinsa kafin ya fara haƙa, ya kai wani girma a ƙarshen 2020 sai ta tsaya cak.

Sannan akwai kamashon mai manhaja. Kusan dukkansu kyauta ake saukewa, amma suna yankar wani ɗan lokaci su haƙa wa mai su. Yawanci tsakanin rabin kashi ɗaya ne zuwa kashi 2 cikin 100, gwargwadon tsarin lissafin. Kashi 1 na nufin kimanin minti 14 a kowace rana injinka na wani yake yi wa aiki, kashi 2 kuma kusan rabin awa. Kowace manhaja ta rubuta nata a shafinta, kuma ba ɗaya ba ne a kowane kuɗi: T-Rex na karɓar kashi 1 a yawancin tsare-tsare amma kashi 2 a Autolykos2, TeamRedMiner kuma kashi 2 take karɓa a KawPow. Idan manhaja ta fi wata gudu da kashi 1 alhali kamashonta ya fi da kashi 1, ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Ga yadda za ka raba gardama da abokinka. Kada ka dogara da lambar da manhaja ke nuna maka a allo, domin ita ce ke yabon kanta. Abin da ake biyanka da shi shi ne amsoshin lissafin da gungun mahaƙan da ka shiga, wato ful, ya karɓa daga injinka. Raba katunanka uku-uku. Ka ba rukuni ɗaya manhajar farko, ɗayan ka ba shi ta biyu, kowane da sunan ma'aikaci daban, a ful ɗaya, da saitin gudu iri ɗaya. Bar su awa 24 cur. Kashegari ka musanya su, su sake yin awa 24, saboda ko katuna iri ɗaya ne, wani ya fi wani lafiyar memori. Daga nan ka kwatanta adadin amsoshin da aka karɓa a shafin ful ɗin, ka kuma duba wutar da injin ya sha da ɗan mitar nan da ake maƙalawa a soket. Gwajin awa ɗaya ko biyu ba ya nuna komai, sa'a ce ke wasa da lambobin. Abin da za ka tarar, in Allah ya yarda, shi ne tazarar manyan manhajojin nan ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 3 ba. Saitin katin ne ke kawo babban bambanci. RTX 3070 daga kamfani yana iya jan wat 220, amma a Etchash idan ka kulle gudun ƙwaƙwalwar katin ƙasa-ƙasa, ka ɗaga na memori, zai ba ka wajen megahash 60 (ma'aunin gudun haƙa ke nan) da wat 120 ko kusa da haka. Wat 100 ka rage a kowane kati, kuma babu canjin manhajar da zai ba ka ko kusa da wannan.

Wasiƙa ta biyu daga Tudun Wada take. Malam ya ce ya samu katin RX 580 mai 8GB guda huɗu na hannu da araha, yana son manhajar da zai haƙi Bitcoin ko Ethereum.

Malam, a yi haƙuri, ko ɗaya ba za ta haƙu da katin nan ba. Bitcoin ta daɗe da komawa hannun injuna na musamman da ake kira ASIC, waɗanda ba su san wani aiki ba sai shi. Ethereum kuwa ta rufe ƙofar haƙa baki ɗaya ranar 15 ga Satumba 2022, lokacin da ta koma tsarin ajiye jari. Arahar da ka gani daga nan ta samo asali, don bayan ranar ne mahaƙa suka yi ta zubar da katuna a kasuwa. Waɗanda suka rage suka dunguma kan ƙananan kuɗaɗe, ladan ya rabu gida-gida har ya zama ɗan kaɗan. Kaspa ta ɗan farfaɗo da masu kati, ita ma a 2023 injunan ASIC suka shigo suka kore su.

Idan ka ji wani ya ce yana samun Bitcoin da kati, mafi yawa NiceHash yake nufi. Can kasuwa ce: kana ba da hayar ƙarfin katinka, masu saye su haƙi abin da suke so, a biya ka da Bitcoin bayan an cire kamasho. Tana da sauƙi ga sabon shiga, amma ba ka da ta cewa a kan abin da ake haƙa. Ga katinka na AMD, fara gwada TeamRedMiner da lolMiner da SRBMiner-Multi. A Etchash, RX 580 da aka gyara wa lokutan memori yana kaiwa wajen megahash 30. Kuma ka tabbatar 8GB ɗin ne da gaske kafin ka biya, ka duba da manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, domin fayil ɗin DAG kullum ƙaruwa yake, kuma dole ya shige cikin memorin katin gaba ɗaya. Mai 4GB ya riga ya fita daga yawancin wasan.

Ta uku ta fi taɓa mu. Wata Hajiya ce daga Barnawa ta ce ƙaninta ya kafa injin a ɗakin baya, tun daga lokacin kuɗin mita ba ya kwana, shi kuma kullum sai ya ce manhaja ce bai dace da mai kyau ba.

Hajiya, ranki ya daɗe, ki zaunar da shi ku yi lissafin nan tare da biro da takarda. A ce kati shida ne, kowane an saita shi a wat 120, ya zama 720. Ƙara wajen 80 na sauran kayan injin da asarar da fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, ke yi, ya kama 800. A awa 24 yunit 19.2 ke nan. A watan Afrilu 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko ya tsaya a naira 209.5 a watan Yuli na shekarar. Da wannan farashin, injin zai sha kimanin naira 4,000 a rana, sama da naira 120,000 a wata, ban da fankar ɗaki ko na'urar sanyaya wuri. Idan KawPow yake haƙa abin ya fi haka, don shi tsarin ƙwaƙwalwar katin yake wahalarwa, wuta da zafi duka su ƙaru. Ki duba rasit ɗin mitarku ki ga nawa ake sayar muku da yunit, ku sa wannan lambar a maimakon tamu.

Sai ya buɗe shafin WhatToMine, ya sa irin katinsa da adadinsu da kuɗin yunit, ya ga abin da ke shigowa a rana. Idan abin da ke shigowa bai kai na wuta ba, babu manhajar da za ta cike ramin, don mun riga mun ce tazararsu kashi 1 zuwa 3 ce. A nan gaskiya ɗaya ce: a kashe injin. Janareta kuwa kada ma a fara, yunit ɗinsa ya ninka na layi tsada. Mai sola da rarar wuta da rana shi ne ke da ɗan sarari, ya kunna da hantsi ya kashe da la'asar, bai taɓa batir ba. Kuma katunan ba su zama asara ba, masu haɗa bidiyo da zanen gini da 'yan wasan kwamfuta suna nemansu.

Wani matashi daga Rigasa ya rubuto da matsala uku a haɗe: injinsa na mutuwa da kansa, ful na ƙin karɓar wasu amsoshinsa, sannan ya ji ƙaurin roba, da ya duba ya ga wata waya ta yi baƙi.

Ƙanina, fara da wayar, ka cire injin daga wuta yanzu. Kusan tabbas ka ba raiza, wato ɗan allon da kati ke zama a kai, wuta ne ta kan SATA, irin kan wayar da ake ba had disk wuta da shi. Kan SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, kati kuwa yana iya jan har wat 75 ta ramin da yake zaune. Sai kan ya yi ta ɗumi a hankali, fil ɗin su saki, roba ta narke ta yi ƙyalli kamar an shafa mata mai, daga nan sai gobara. Ka ba kowace raiza wuta da waya mai fil 6 kai tsaye daga fawa saflai, kuma kada nauyin injin ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Da irin hawa da saukar wutar da muke gani, sitabilaiza mai ƙarfi ba ado ba ce.

Amsoshin da ake ƙi kala biyu ne, kuma maganinsu daban. Akwai wadda ta makara, wato daidai take amma ta iso bayan an wuce wurin. Wannan laifin intanet ne. Zaɓi sabar ful ɗin da ke Turai, ta fi ta Amurka ko Asiya kusa da mu, ka kuma haɗa injin da waya maimakon Wi-Fi. Akwai kuma wadda lissafinta ne ya fito ba daidai ba, ita kuma alamar ka matsa wa memori ne fiye da ƙima. Manhajar za ta nuna maka lambar katin da ke kuskuren. Rage masa 50 ko 100, ka jira awa biyu, ka sake dubawa. A kula da wani tarko: lambar memorin Nvidia da ake sawa a HiveOS, tsarin gudanar da injin haƙa, ninki biyu ce ta wadda ake sawa a MSI Afterburner, manhajar saita kati ta Windows. Wanda ya kwafi 2200 daga mai HiveOS ya nemi zuba ta a Windows ya jawo wa kansa mutuwar inji.

Idan a Windows kake kuma manhajar na faɗuwa daidai lokacin gina DAG, ƙara girman memorin aro na Windows ya kai jimillar memorin katunanka, kati shida masu 8GB ka ba shi wajen 48GB. Idan allon uwa, wato babban allon kwamfutar, ya ƙi ganin kati na biyar ko na shida, shiga saitinsa da ake kira BIOS ka kunna Above 4G Decoding, ka mayar da gudun PCIe zuwa Gen 2. Sai zafi. Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya kati, zafin Maris da Afrilu ya zo ya same su a toshe. Busa su da iska duk mako biyu a lokacin ƙura, kana riƙe da fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Masu RTX 3080 su sa ido a zafin memori musamman, domin idan ya kai digiri 110 katin da kansa yake rage gudu, ka ga lamba ta faɗi ka ɗora wa manhaja laifi alhali fad ɗin zafi ne ya bushe yake son canji.

Daga Malali an tambaye mu me ya sa manhajar kariya ke goge manhajar haƙa da zarar an sauke ta. Dalili shi ne ɓarayi na cusa irinsu a kwamfutocin mutane a ɓoye, shi ya sa ake yi musu kuɗin goro. Hatsarin shi ne wanda ya saba danna "ƙyale" zai ƙyale ta jabu ma. Sauke daga shafin GitHub na masu ita kawai, kada ka karɓa daga mahaɗin da aka turo a Telegram ko WhatsApp, ka kuma gwada lambar SHA-256, wato lambar tantancewa, ta fayil ɗin da wadda suka wallafa. Kada ka ajiye kalmomin sirrin walat ɗinka a kan injin haƙa, adireshin karɓa kaɗai yake buƙata. Kuma ka buɗe fayil ɗin farawa ka goge adireshin misali da ya zo da shi ka sa naka, in ba haka ba kwana da kwanaki za ka yi kana haƙa wa wani.

Ta ƙarshe daga Unguwar Rimi, wata ɗaliba ce ke son sanin ko mainin ɗin da ake yi da danna waya, irin su Notcoin da Hamster Kombat da suka yi tashe a 2024, ɗaya ne da wannan. A'a ƙanwata, suna ne kawai ya zo ɗaya. A can wayarki ba ta warware wani lissafi, maki kike tarawa, kamfanin ya raba abin da ya ga dama ranar da ya ga dama. Babu ɗaya daga cikin manhajojin da muka lissafa da ke da hannu a ciki.

Akwai wasiƙu biyu a kan haƙar Monero da XMRig, wadda ita da ƙwaƙwalwar kwamfuta ake yi ba da kati ba. Mun ajiye su sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.