"Ai Kowa Ya San Wanda Ya Sa Aka Yi": Yadda Ake Auna Hujjar Zargin Maƙarƙashiya

Assalamu alaikum, jama'a.

Ranar 10 ga Yuli 1981 tarzoma ta ɓarke a birnin nan na Kano, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkar siyasa. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2007 kuma, ana gobe zaɓen gwamna, 'yan bindiga suka harbe Malam Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a Ɗorayi. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ka tayar da ɗaya daga cikin zantukan nan a wata majalisa a Kurna, za a samu mai cewa, "Ai wannan kowa ya san wanda ya sa aka yi." Ka gangara Mandawari ka sake tayarwa, za ka ji wani sunan daban, kuma mai faɗa ba ya ko ɗar. Dukkansu ba za su zama daidai ba. Shi ya sa yau za mu leƙa ƙasashen da aka buɗe fayil, aka yi shari'a, aka rantsar da shaidu, mu ga yadda ake rabe abin da ya tabbata da abin da aka ji kawai.

[Hoto: zauren majalisar dattawan Amurka, 1975]

Tun farko mu cire wani abu daga hanya. Wanda ya ce hukuma tana iya haɗa baki da 'yan ta'adda ba taɓaɓɓe ba ne. An yi. A 1960 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta nemi manyan 'yan Mafiya, wato ƙungiyar asiri ta miyagu, Johnny Roselli da Sam Giancana na Shikago da Santo Trafficante, su kashe shugaban Kyuba Fidel Castro. An yi tayin dala 150,000, har ƙwayoyin guba aka haɗa. Ta yaya duniya ta tabbatar? Kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ne ya zauna a 1975, ya karɓi takardun hukumar da kanta, ya kira jami'anta, ya kira Roselli ya yi bayani da bakinsa. Takarda ta yi daidai da baki, bakin wannan ya yi daidai da na wancan. Giancana an harbe shi a gidansa a watan Yuni na shekarar kafin ya bayyana gaban kwamitin, Roselli kuma aka tsinci gawarsa cikin duro a ruwa kusa da Mayami a 1976.

To a nan ne mutane da yawa suke yin tsalle. Sai su ce, tunda wannan ya tabbata, ai 'yan Mafiya ne suka kashe shugaban Amurka John Kennedy a Dalas ranar 22 ga Nuwamba 1963.

Kuma wallahi biri ya yi kama da mutum. Ƙanin shugaban, Robert Kennedy, shi ne ministan shari'a, ya kuma hana 'yan Mafiya sakat. A 1961 ya sa aka ɗauke Carlos Marcello, ubangidan Mafiyar New Orleans, aka jefar da shi a Gwatemala. Sannan kwana biyu da kisan, Jack Ruby, mai gidajen rawa da ya san 'yan duniya, ya harbe Lee Harvey Oswald, wanda ake tuhuma, a cikin hedikwatar 'yan sanda, ana kallo kai tsaye a talabijin. Ga dalili, ga ƙarfi, ga wanda aka rufe wa baki. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne hujjar. Dalili yana nuna maka wanda zai ji daɗin mutuwar mutum, ba ya nuna maka wanda ya kashe shi. Shugaban ƙasa kuwa masu jin daɗin mutuwarsa ba sa ƙirguwa.

Ku duba wata 'yar takarda. Safiyar da Ruby ya yi harbin, ya tsaya ofishin Western Union ya aika wa wata ma'aikaciyarsa kuɗi, na'ura ta buga lokaci a kan rasit: 11:17. Ya harbi Oswald da ƙarfe 11:21. Alhali tun ana gobe aka shaida wa 'yan jarida su hallara ƙarfe goma, lokacin da za a fito da Oswald. Da an fito da Oswald a kan lokaci, da Ruby bai same shi ba. Karensa ma ya bari a mota. Wannan rasit bai wanke kowa ba, amma duk mai cewa an tsara komai daki-daki dole ya yi bayaninsa, ba ya tsallake shi ba.

A 1979 wani kwamitin majalisar wakilai ya ce mai yiwuwa akwai haɗin baki a kisan, kuma wannan jimlar ce ake ta yawo da ita har yau. Amma a kan me ya dogara? A kan naɗin rediyon 'yan sanda, da wasu masana sauti suka ce sun gano alamar harbi na huɗu a ciki. Sai wani makaɗi a jihar Ohayo ya samu kwafin naɗin, ya saurara ya sake saurara, ya tsinci muryar wani babban jami'in tsaro yana ba da umarnin da aka san bai bayar ba sai bayan an yi harbin. A 1982 kwamitin cibiyar kimiyya ta ƙasar ya bincika ya ce sautin an naɗe shi ne kusan minti ɗaya bayan kisan. Shi kansa kwamitin na 1979 cewa ya yi bai ga hujjar cewa Mafiya a ƙungiyance ta yi ba, sai dai bai kore yiwuwar hannun ɗaiɗaikun 'ya'yanta ba. Mai ɗauko rabin farko na hukuncin ya bar rabin ƙarshe ya ha'inci mai sauraronsa.

[Hoto: ɗakin shari'a mai kejina, Palermo, 1986]

Yanzu ga inda aikin ya fi wuya, kuma a nan nake so mu daɗe. Ƙungiyar miyagu ba ta rubuta bayanin taro. Ba ta ba da rasit. Wanda ya san cikinta sai ɗan ciki, ɗan ciki kuwa mai laifi ne, yana da gaba da wasu, yana neman sassauci. Ba ka iya yi ba tare da shi ba, ba ka kuma iya sakin jiki da shi.

A 1984 Tommaso Buscetta, tsohon ɗan Mafiyar Sisili ta ƙasar Italiya, ya amince ya yi magana da alƙali mai bincike Giovanni Falcone. Mutum ne da 'yan Mafiya na ɓangaren garin Corleone suka ɓatar masa da 'ya'ya biyu, suka kashe ɗan'uwansa da surukinsa. Wato idan ana neman mai dalilin yin ƙazafi, ga shi nan. Falcone bai ce tunda tubabbe ne a yarda da shi ba, bai kuma ce tunda mugu ne a watsar ba. Ya riƙa ɗaukar maganarsa gaɓa-gaɓa yana gwadawa da abin da Buscetta ba shi da ikon ƙirƙira: takardun banki, cakin kuɗi, bayanan wasu tubabbun, rahotannin 'yan sanda na shekarun baya. Da wannan aka gurfanar da mutum 475 a watan Fabrairu 1986. A Disamba 1987 aka samu sama da 300 da laifi, 19 ɗaurin rai da rai, kotun ƙoli ta tabbatar a Janairu 1992. Ranar 23 ga Mayu 1992 Mafiya ta tashi bam a kan hanya ta kashe Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku. Ranar 19 ga Yuli ta kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino da masu tsaronsa biyar.

Sai ga ɗaya fuskar. Ƙasa ta ɗau zafi, kowa na neman a kamo wani. Aka kamo wani ƙaramin ɗan iska, Vincenzo Scarantino, daga baya ya ce shi ya sa aka sato motar da aka ɗana wa Borsellino bam, ya jero sunaye. Ya janye maganar, ya dawo, ya sake janyewa, duk da haka kotuna suka ɗaure mutane rai da rai a kan bakinsa. Sai a 2008 wani ɗan ciki na gaske, Gaspare Spatuzza, ya ce shi ya saci motar, ƙirar Fiat 126, ya ƙara da wani ƙaramin bayani: ya sa an gyara mata birki kafin a yi aiki da ita. Masu bincike suka koma kan tarkacen motar suka tarar haka ne. A 2011 aka sako mutanen da aka ɗaure, bayan sun kwashe shekaru a kurkuku kan abin da ba su yi ba, kuma daga baya kotu ta bayyana cewa karkatar da binciken aka yi da gangan.

Ku lura da kyau. Scarantino ya faɗi manyan maganganu da babu yadda za a gwada. Spatuzza ya faɗi ƙaramar magana da ake iya taɓawa da hannu. Ƙaramar ita ta fi nauyi.

Mu nan wannan ba baƙon ilimi ba ne. Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanci ilimin hadisi ya san ba a karɓar magana don ta yi daɗi a kunne. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Sun ma haɗu kuwa? An taɓa kama shi da ƙarya? Ya kuma san cewa ruwayoyi goma da duk suka koma kan mutum ɗaya ruwaya ɗaya ce. Abin yana damuna ƙwarai yadda muke ajiye wannan ma'auni a ƙofar makaranta, mu buɗe waya mu tura muryar wanda ba mu san sunansa ba, yana kiran sunan bayin Allah da kisan kai.

Ko a gida mun ga irinta. A shari'ar kisan Kudirat Abiola, wadda aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni 1996, babban mai shaida shi ne Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Sajan Rogers. Ya ba da shaida kan Manjo Hamza Al-Mustapha, daga baya ya warware. Babbar kotun Legas ta yanke hukuncin kisa a Janairu 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi a Yuli 2013 saboda shaidun sun ci karo da juna. Mai bincike na gari zai rubuta duka matakan nan a jere, ba ya zaɓi wanda ya yi wa ra'ayinsa daɗi ba.

Wani lokacin ma amsar kotu ba "e" ba ce, ba kuma "a'a" ba. Giulio Andreotti ya yi firaministan Italiya sau bakwai, aka gurfanar da shi kan alaƙa da Mafiya. Kotun farko ta sallame shi a 1999. Kotun ɗaukaka ƙara a 2003 ta ce alaƙar ta tabbata har zuwa 1980, sai dai wa'adin da doka ta ɗiba na hukunta laifin ya wuce. Bayan 1980 kuwa babu isasshiyar hujja. Kotun ƙoli ta bar hukuncin haka a 2004. Labarin da ya fi yaɗuwa, cewa ya sumbaci shugaban Mafiya Totò Riina, kotu ba ta karɓe shi ba. Magoya bayansa suna cewa an wanke shi, abokan gabarsa suna cewa an kama shi dumu-dumu, kowa ya riƙe rabin takarda.

[Hoto: Gidan Mambayya, Gwammaja]

To ɗalibin Jami'ar Bayero ko ɗan jaridar da yake son tono alaƙar daba da siyasa a Kano, ina zai dosa? Tarihin ya daɗe. Tun bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ake maganar 'yan banga, kuma dattijan da suka ga zamanin suna tuna 'Yan Mahaukata da suka riƙa far wa 'yan Sawaba, wato magoya bayan NEPU. Akwai takardu a Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya, akwai Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Amma kowace takarda da mai ita. Fayil ɗin Bature ko na En'e da ya kira ɗan NEPU ɗan iska, ra'ayin mai mulki ne a kan ɗan adawa. Idan za ka karanta labarin 1981, ka tuna gwamnatin Rimi ce ta kafa jaridar Triumph, New Nigerian kuma a hannun gwamnatin tarayya take, lokacin NPN ke mulki. Ka ajiye su gefe da gefe. Inda suka haɗu duk da saɓaninsu, a nan ƙafarka za ta fi samun ƙasa.

Idan ka samu tsohon ɗan daba da ya yarda ya yi magana, ka girmama shi, ka ce, "Baba, a wace shekara ce? Da damina ko da rani? Wa ya miƙa maka kuɗin hannu da hannu? A wane gida kuka kwana? Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?" Ka tambayi abokinsa shi kaɗai, ba a gabansa ba. Sannan ka koma jaridar wannan makon ka duba ko taron da ya ambata an yi shi a ranar. A rubutunka ka ware gida uku a fili: wanda takarda da shaida suka tabbatar, wanda mutum ɗaya ya faɗa ba a samu mai ƙarfafa shi ba, da wanda ake faɗa a gari kawai.

Rahotannin kwamitocin bincike da gwamnatoci suka kafa bayan tarzoma kuma, a neme su a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Idan ta ƙi, dole ta faɗi dalilinta a rubuce, kuma kana da kwana 30 ka kai maganar kotu. Ka riƙe kwafin wasiƙarka mai hatimin karɓa da kwanan wata, domin ita alƙali zai fara tambaya.