Nginx a Gaba, Manhaja a Baya

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Yawancinku da Django kuke rubuta manhaja, ku ɗora ta a kan Gunicorn, wato sabar da ke gudanar da manhajar, sannan ku sa Nginx a gaba. Nginx ɗin nan, wanda Igor Sysoev ya fitar a 2004, aikin zaure yake yi: a nan ake tarbar baƙo, a shigar da saƙonsa cikin gida. Shi ke sauraro a ƙofa (wato port) ta 80 da ta 443, shi ke riƙe da takardar shaidar HTTPS. Gunicorn kuwa yana can a 127.0.0.1:8000, wato ƙofa ta 8000 da ba a iya kaiwa gare ta sai daga cikin na'urar.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, manhajarku ba ta ganin baƙon. Nginx kaɗai take gani. In ba ku sa shi ya aika X-Forwarded-For ba, wato bayanin da ke ɗauke da adireshin baƙon na asali, kowa zai zo mata da adireshi ɗaya, na Nginx. Ranar da kuka tashi toshe wani mai ta gwada kalmar sirri, sai ku toshe jama'a baki ɗaya.

Na X-Forwarded-Proto, wato bayanin da ke faɗa wa manhaja ko ta HTTP ko ta HTTPS baƙo ya zo, ya fi ba da wahala. Baƙo ya zo ta HTTPS, Nginx ya kwance kullin, ya miƙa ciki a HTTP zalla. Django, in an kunna SECURE_SSL_REDIRECT, saitin da ke tilasta bin HTTPS, sai ta ce wa baƙon koma HTTPS. Ya koma, ta sake korar sa, haka dai har burauza ta gaji. Maganinsa SECURE_PROXY_SSL_HEADER ne, saitin da ke sa Django ta yarda da abin da X-Forwarded-Proto ya faɗa. Amma don Allah ku saurara da kyau, nan ne hatsarin yake: kowa na iya rubuta wannan bayanin da hannunsa ya turo. Dole Nginx ya share na baƙo ya rubuta nasa, kuma kada ku taɓa buɗe Gunicorn a 0.0.0.0, wato a buɗe ga kowa, kai tsaye ga intanet. Wanda ya zagaya ta ƙofa ta 8000, duk ƙaryar da ya shirga manhajar za ta iya gaskatawa.

Sauran na lambobin kuskure ne, waɗanda burauza ke nunawa. Kun ga 413, fayil ya wuce megabayit 1 da Nginx ke karɓa tun asali, sai ku ɗaga client_max_body_size. Gunicorn na kashe ma'aikacinsa (worker, wato ɓangaren da ke amsa buƙata) da ya yi shiru daƙiƙa 30, sai ku ga 502. Nginx kuma daƙiƙa 60 yake jira kafin ya ba da 504. Ni dai ban yarda a yi ta ƙara lokacin ba. Aiki mai nauyi a miƙa wa Celery, mai gudanar da aiki a bayan fage.

Malama, na ga hannunki a sama, bismillah.