Darasin Turanci: Ma'ana da Furucin "Mum's the word"

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na koyon Turanci. Yau za mu tsaya ne a kan wata jimla da mutanen Ingila suke faɗa idan suna son a riƙe musu sirri, wato "Mum's the word."

Kalmar "mum" da ke cikin wannan jimla ba ta da alaƙa da uwa, duk da cewa haka yaran Ingila suke kiran mahaifiyarsu. Tsohuwar kalma ce da ta samo asali daga sautin "mmm" da mutum yake yi idan ya rufe leɓɓansa, ana kuma samunta a rubuce tun ƙarni na 14, har shahararren marubucin nan na Ingila, Shakespeare, ya yi amfani da ita a kashi na biyu na wasan kwaikwayonsa mai suna Henry VI. Mu Hausawa cewa muke yi mutum ya yi gum da bakinsa.

Sai dai a kula, ba a faɗa wa yaron da ya cika gida da surutu wannan magana, domin ba hana hayaniya ake yi da ita ba. Misali, idan ƙawarki ta raɗa miki cewa an sa ranar aurenta, amma iyaye ba su sanar da dangi ba tukuna, za ta iya rufe zancen da "Mum's the word," ke kuma ki maimaita mata jimlar, alamar kin yi alkawarin ba wanda zai ji daga bakinki. Magana ce ta hira tsakanin sa'o'i, ba ta dace da takardar ofis ba. Masu karanta jaridun Turanci na Najeriya kuwa sun saba ganin "keeps mum" a kanun labarai, idan wani jami'i ya ƙi cewa uffan a kan wata tambaya.

Yanzu sai furuci, inda na fi son mu natsu. Harafin "u" na "Mum's" ana furta shi ne kusa da gajeren "a" na Hausa, "s" ɗin ƙarshe kuma ya koma "z", saboda haka "mamz" za ku ce. Wajen "the", da yawanmu "za" ko "da" muke cewa. Ku sa bakin harshenku tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, ku bar iska ta fita da murya, a hankali kuma a gajarce. A kalmar "word", Baturen kudancin Ingila ba ya furta "r", sai dai ya ja wasalin ba tare da ya zagaye leɓɓa ba, amma a Amurka za ku ji "r" ɗin sarai. Ƙarfin murya yana kan kalmar farko da ta ƙarshe.

To, ku biyo ni, mu faɗa tare sau uku: Mum's the word.