Me Ya Sa Zanen Hannu Ke Da Tsada? Yadda Mai Zane Ke Aiki a Bauchi

Assalamu alaikum masu kallo. Yau ɗakin aikin mai zanen hannu za mu leƙa, irin wanda ke zaman kansa: shi ke sayen kayan aiki, shi ke zanawa, shi kuma ke neman mai saye. Akwai tambayar da masu wannan sana'a a Bauchi suka gaji da ji: "Malam, me ya sa naka ya fi hoton da ake bugawa da inji tsada haka, alhali duk a bango za a rataye su?" Ita za mu amsa.

Zane dai ba baƙo ba ne a ƙasar Bauchi. A duwatsun Geji da na Shira akwai siffofin dabbobi da mutanen dā suka zana, har gobe suna nan.

Kafin buroshi ya taɓa fenti, mai zane ya riga ya ci kwanaki yana kallo. Za ku gan shi da ɗan littafi da fensir a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ko ya raɓe a gefen fada ranar hawan daushe yana lura da yadda doki ke lanƙwasa wuya idan mahayi ya ja linzami. Yakan ɗauki hoto da waya, amma waya daƙiƙa ɗaya take kamawa. Shi kuwa sai ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai cire, da kuma ta inda haske zai faɗo. A ƙananan takardu yake gwada wannan har sai tsarin ya kwanta masa.

Daga nan sai wajen kafinta. Katakon firem dole ya zama busasshe, domin ɗanye karkacewa yake yi bayan watanni, ya ja zanen ya murɗe. Ana ɗame kyallen kanbas a kai, a kama shi ta baya, sannan a shafe shi da farin shafi sau biyu ko uku. Wanda bai samu na kanti ba yakan gauraya farin fentin bango da farin gam. Idan aka tsallake wannan mataki, man da ke cikin fenti zai ratsa zaren kyallen, a hankali ya cinye shi.

Yanzu ga inda yanayin garinmu ke shigowa, kuma a nan ne ake gane wanda ya ƙware. Fentin akirilik da ruwa ake sirka shi, cikin mintoci ya bushe. A zafin bazara kuwa tun yana kan buroshi yake fara daskarewa, shi ya sa za ku ga mai zane yana ta fesa ruwa, ko ya koma aikin asuba da na dare. Fentin mai akasin haka ne. Yana ba ka damar gauraya launi a kan kyallen a tsanake, fatar mutum ko ƙurar da dawakai suka tayar ta fito da taushi, amma sai ya kwana da yawa kafin a iya taɓa shi, kuma ana jiran wata 6 ko fiye kafin a shafa masa banish, wato shafin ƙarshe mai sheƙi da ke kare fentin. Ku ƙaddara hunturu ya kama, ƙura na shigowa ta kowace kafa, ga zane ɗanye a jingine. Dole a juya fuskarsa bango, a toshe taga. Da damina kuma danshi ke sassauta kyalle. Akwai kuma ƙa'idar da ba a karyawa a fentin mai: shafin farko siriri, na sama mai kauri da yawan mai. Wanda ya juya ta, zanensa zai tsattsage.

To, an gama. Wa zai saya?

Gidaje da dama a nan ba sa rataye siffar abu mai rai a falo saboda addini, kuma mai zane mai hankali yana girmama wannan. Shi ya sa zayyanar ayoyi, da dagin Arewa, da zanen duwatsu da tsofaffin ƙofofin gari ke samun karɓuwa. A ɗaya gefen akwai aikin oda: hoton amarya da ango, ko na shugaban ofis da za a yi wa bikin ritaya. Aikin oda ne ke sa tukunya a wuta, ba na raina shi. Sai dai ina jin takaicin ganin matashi mai baiwa ya ƙare rayuwarsa yana kwafar hotunan waya, bai taɓa zana abin da ke ransa ba, domin da wannan ne ake sanin hannun mutum.

Wajen farashi, ana lissafa kuɗin kaya, da kwanakin aiki, da girman zanen, sannan a tsaya a kai. Wanda ya sayar wa Alhaji da tsada yau, gobe ya sallama wa wani irinsa a rabin kuɗi, ya zubar da darajar aikinsa a wurin su biyun. A aikin oda kuma a karɓi kafin alƙalami kafin a sayi ko ƙusa.

Yawancin ciniki yanzu ta Instagram da Facebook da WhatsApp yake zuwa. A ɗauki hoton zanen da rana a inuwa, a rubuta tsawo da faɗinsa da irin fentin. Gidajen baje kolin zane na Abuja da Legas suna da masu saye masu ƙarfi, amma la'adarsu kan kai har rabin kuɗin. Idan za a aika nesa, a cire kyallen daga firem, a naɗe shi fentin yana waje, a zura a bututun roba kafin a kai tasha.

Kada kuma a manta da sa hannu da shekara, da 'yar takardar shaida mai sunan zanen. A 2018 an sayar da wani zanen Ben Enwonwu, fitaccen mai zane ɗan Najeriya, a gwanjo a Landan kan fam miliyan 1.2, bayan an tabbatar cewa aikin hannunsa ne. Injin buga hoto zai fitar da dubu iri ɗaya, wannan kuwa guda ne tak, kuma shaidar ce ke kare shi.

Akwai abin da masu saye da yawa ba su sani ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, sayen zane bai ba ka ikon buga shi a kalanda ko riga kana sayarwa ba. Kyallen naka ne, ka rataye, ka kyautar, ka sake sayarwa. Ikon kwafa yana hannun mai zane, sai in ya miƙa maka shi a rubuce, kuma wannan ciniki ne dabam mai kuɗinsa dabam.