Goge fayil a faifan SSD da aka kulle da mabuɗin sirri

Masu kallo, musamman masu gyaran kwamfuta a Katsina da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, idan mutum ya goge fayil, sunansa kawai babbar manhaja take cirewa daga rajista, bayanan kuwa suna nan kwance. Faifan SSD ba ya sake rubutu a gurbin da ke ɗauke da bayani sai ya share yankin gaba ɗaya, shi ya sa ake aika masa umarnin TRIM, domin ya san guraben da aka gama da su ya share su tun da wuri. In bai samu wannan sanarwa ba, zai yi ta kwashe bayanan da ba kowa ke bukata ba daga wuri zuwa wuri, saurinsa na raguwa, yana kuma saurin tsufa.

A faifan da aka kulle da LUKS, wato tsarin kulle faifai da mabuɗin sirri na babbar manhajar Linux, umarnin sai ya bi ta dm-crypt, ɓangaren Linux da ke mayar da bayanai rubutun sirri, wanda yake tare shi muddin ba a ba shi izini ba. Sai a Linux 3.1, a shekarar 2011, aka samar da zaɓin barinsa ya wuce. Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Faifan da aka cika da rubutun sirri kamanninsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma gurbin da TRIM ya shafa yakan koma sifili zalla, don haka wanda faifan ya faɗa hannunsa zai ga inda akwai ajiya da inda babu, ya ƙiyasta yawanta, wataƙila ma ya gane tsarin fayilolin. Kamar mai ratsa kasuwa ne da daddare: ba ya ganin kayan da ke cikin shagunan da aka garƙame, amma ya san waɗanda suke wayam.

A ganina, ɗan kasuwa ko ɗalibin da satar kwamfuta yake gudu ya buɗe faifan da zaɓin --allow-discards, wanda ke barin TRIM ya wuce, ya bar fstrim, manhajar da ke aika umarnin TRIM, ya riƙa aiki mako-mako, tunda mabuɗinsa da abin da ya rubuta ba sa fita. Wanda ya ɓoye wata ma'ajiya a cikin wata kuwa kada ya kusanci wannan zaɓi, domin zai tona wurin, yana iya ma share abin da aka ɓoye.

Idan kuma sayar da kwamfutar za a yi, kada a dogara da TRIM, domin faifan ne ke zaɓar lokacin sharewa. Umarnin cryptsetup erase shi ke lalata guraben da LUKS ke ajiye mabuɗan buɗe faifan, sannan a nemo duk wani kwafin kan LUKS, wato sashen da ke ɗauke da waɗannan gurabe, da aka taɓa ajiyewa a filashi a hallaka shi ma.